Kafin Ka Kunna Tsohon Kaset: Yadda Ake Kula Da Rakoda Da Ceto Muryoyin Da Ke Cikin Zare

A gidaje da yawa a Sakajiki da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, idan aka buɗe tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, da wuya a rasa ledar kasa-kasai a ciki. Wasu na waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo ne, ko Sa'idu Faru, ko Narambaɗa mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, ko Mamman Shata. Wasu kuma na tafsiri ne da aka naɗa daga rediyo a watan azumi. Waɗannan da sauƙi, domin da yawansu an riga an ɗora su a YouTube, wasu kuma suna wurin masu turi a kasuwa.

Amma akwai waɗanda ba za ka same su a ko'ina ba: kaset ɗin da aka naɗa ranar ɗaurin auren iyayenka, karatun malamin gari da ya rasu, kiɗan wani makaɗin noma da bai taɓa shiga situdiyo ba, ko saƙon da wani ɗan'uwa ya aiko daga Makka ko Legas a zamanin da babu wayar hannu. Saƙon murya da kake turawa yau ta WhatsApp, magabata da kaset suka yi shi. Irin wannan kaset shi kaɗai ne a duniya. Idan ya lalace, muryar ta tafi ke nan.

Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne ɗoki. Da an ga kaset sai a nemo tsohuwar rakoda, a hura mata iska, a saka, a danna. Bayan minti biyu murya ta fara rawa, sannan ta yi shiru, a buɗe a tarar rakoda ta cinye zare. Wannan rubutu zai nuna maka yadda za ka kauce wa hakan. Dokar guda ɗaya ce: kada ka kunna tsohon kaset sai ka duba shi, ka wanke rakodar, ka kuma shirya abin da za ka naɗi sautin da shi. Ka ɗauki kunnawar farko tamkar ita ce ta ƙarshe.

Me Ya Sa Ba Za A Jira Ba?

A shekarar 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya, wato IASA, suka ƙaddamar da wani shiri na gargaɗi a kan kasa-kasai da sauran zaren maganaɗisu. Abin da suka fi jin tsoro ba lalacewar zaren kaɗai ba ce, har da ƙarewar na'urorin da ke kunna shi. Manyan kamfanoni sun daina ƙera rakoda mai inganci, kayan gyara suna wahalar samu, masu gyaran kuma suna tsufa. A lokacin sun yi hasashen cewa zuwa wajen 2025 aikin zai yi wuya ƙwarai.

Wannan magana gaskiya ce a nan gida. Shagunan gyaran rediyo da yawa sun koma gyaran waya da sayar da caja. Dattijon da ya san yadda ake sa wa rakodar National ko Sharp sabon bel ba kullum za ka same shi ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafi arewacin Zamfara musamman. Matsalar tsaro ta sa iyalai da dama barin ƙauyukansu, kuma mai tashi cikin gaggawa ba ya tuna ledar kaset. Katin memori kuwa aljihu yake shiga. Sannan duk wanda ke Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa na tsawon makonni, ya san cewa abin da ke intanet kaɗai ba naka ba ne a kowane lokaci. Don haka manufar ita ce a samu kwafi a hannu da kwafi a nesa.

Yadda Kaset Yake Aiki

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a bikin baje kolin rediyo na birnin Balin a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, ɗan ƙasar Holan, wanda ya rasu a 2021. A 1979 Sony ya fitar da Walkman, wanda ya sa kaset ya shiga aljihu.

Zaren kaset leda ce siririya mai faɗin milimita 3.81, an shafe fuskarta ɗaya da garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, an liƙe shi da wani irin gam. Lokacin naɗi, rakoda tana jera waɗannan ƙwayoyin ƙarfe daidai da hawa da saukar murya. Lokacin saurare kuma zaren yana wucewa a kan hed da gudun santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, hed ya karanta, lasifika ta faɗa.

Lambar da ke jikin kaset tana gaya maka tsawonsa. C60 minti 30 ne kowace fuska, zarensa kusan mita 86. C90 minti 45 ne kowace fuska, kusan mita 129. C120 awa ɗaya ne kowace fuska. Tunda gidan kaset ɗin girmansa ɗaya ne, duk wanda ya fi tsawo ya fi siranta. Shi ya sa C120 ya fi saurin miƙewa da tsinkewa, kuma shi ya fi buƙatar lallami.

Idan ka buɗe ƙofar rakoda za ka ga abubuwa huɗu da zare ke gogawa:

1. Hed na karatu: ƙarfe mai sheƙi da ke tsakiya.
2. Hed na gogewa: ƙarami a gefe, sau da yawa baƙi ko fari, shi ke share tsohon sauti idan ana sabon naɗi.
3. Sandar jan zare: siririn ƙarfe mai juyawa, kamar ƙusa marar kai.
4. Rola: ƙaramar tayar roba da ke matse zare a jikin sandar.

A can ciki kuma akwai ƙaramin injin da ke juya komai, da bel na roba da ke haɗa shi da wani faifan ƙarfe mai nauyi. Yawancin matsalolin rakoda daga datti a waɗannan wurare huɗu suke, ko daga bel da ya tsufa.

Abokan Gāban Kaset A Ƙasarmu

Kowane yanayi na shekara yana zuwa da nasa sharrin.

Hunturu yana kawo ƙura. Ratar da hed ke karanta sauti da ita ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, don haka ƙura kaɗan ta isa ta ɗaga zare daga jikinsa, murya ta dushe. Ƙurar kuma tana kankare hed kamar yadda yashi ke cin ƙarfe. Bushewar iska tana sa leda ta riƙa jawo ƙura da kanta.

Bazara tana kawo zafi. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a wannan yanki, a ƙarƙashin rufin kwano ko a gaban gilashin mota kuwa ya fi haka nesa. Zafi yana lanƙwasa gidan kaset, yana sa zare ya miƙe, yana kuma ƙara wata matsala da ake ji kamar amsa-kuwa: maganaɗisun wani zagaye ya yi naso a na kusa da shi, sai ka ji magana ƙasa-ƙasa kafin a fara ta.

Damina tana kawo laima. Danshi yana raunana gam ɗin da ke riƙe garin ƙarfe, yana kuma haifar da funfuna, wadda ake gani kamar farin gari ko zaren gizo-gizo a gefen naɗin.

Bayan waɗannan akwai maganaɗisu. Kada ka ajiye kaset a kan lasifika, ko kusa da janareta, ko jikin ƙaramar sifikar Bluetooth. Akwai kuma ƙwari: gara tana cin takardar da aka rubuta sunan kaset, kyankyaso da ɓera suna shiga rakoda, zanzaro kuma yana iya gina ɗakinsa a ciki.

Mataki Na 1: Duba Kaset Kafin Komai

Ka zauna a wuri mai haske, ka wanke hannunka, ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Karya kunnuwan kariya. A saman kaset akwai 'yan ƙananan marafai biyu, dama da hagu. Ka ɓalle su duka da bakin sukudireba. Daga nan maɓallin naɗi ba zai dannu ba, ko da yaro ya yi wasa da shi. Idan an taɓa toshe ramin da takarda ko salatif, ka cire.

Ɗauki hoton kaset. Ka ɗauki hoton fuska biyu da takardar cikin kwalinsa da wayarka. Rubutun da ke jiki, ko da na ajami ne da ya fara gogewa, shi zai gaya maka wane ne da kuma yaushe.

Leƙa ta taga. Idan ka ga funfuna, kada ka saka shi a rakoda, domin za ta shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ka ware shi a wuri mai bushewa da inuwa, kada ka hura shi da baki ko ka shaƙa, ka bar shi sai an samu wanda ya iya aikin.

Duba ɗan matashin soso. A tsakiyar bakin kaset, a bayan zare, akwai ɗan ƙaramin soso a kan siririn ƙarfe. Shi ke danna zare a jikin hed. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, kuma idan babu shi sauti ba ya fita sosai. Kana iya ciro wani daga kaset ɗin da ba ka buƙata ka liƙa da ɗigon gam kaɗan, ka bari ya bushe sarai kafin zare ya taɓa shi.

Juya shi da biro. Biron Bic mai kusurwa shida yana shiga ramin kaset daidai. Ka juya a hankali. Idan yana tafiya sumul, madalla. Idan ya cije, kada ka tilasta. Ka ɗan bubbuga kaset ɗin a kwance a tafin hannunka don zaren ya daidaita, ka sake gwadawa.

Mataki Na 2: Wanke Rakoda

Kayan aikin ba su da tsada: tsinken auduga na goge kunne, sifirit fari marar launi, ruwa mai tsabta, ƙaramin burushi mai laushi da tocila. Sifirit ɗin da ya fi dacewa shi ne wanda ake kira isopropyl, mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye. Idan ba ka samu ba, farin sifirit na kemis zai yi, sai dai ka ƙara masa lokacin bushewa.

Kada ka yi amfani da fetur, kananzir, tina, turare ko man wanke hannu. Wasu suna narkar da roba, wasu suna barin maiƙo. Tsohuwar dabarar nan ta yawu da bakin riga ita ma a bar ta.

Ga yadda ake yi:

1. Cire batir, ka zare wayar wuta. Idan batir ya taɓa fashewa a ciki har ya bar farin gishiri, ka kankare shi, ka goge da auduga mai ɗan ruwan tsami na binega, sannan ka busar.
2. Ka share ƙurar cikin ƙofa da burushi, rakodar tana fuskantar ƙasa don dattin ya zubo waje.
3. Ka jiƙa auduga da sifirit, ka matse ta, ka goge hed daga gefe zuwa gefe, wato ta hanyar da zare ke bi. Ka canza auduga har sai ta daina fitowa da launin ƙasa-ƙasa.
4. Ka yi wa hed na gogewa da sandar jan zare haka. Sandar takan tara wani baƙin zobe, ka tabbata ya fita.
5. Rola kuwa roba ce, yawan sifirit yana busar da ita. Ka goge ta da auduga mai ɗan ruwa, kana juya ta da yatsa. Idan dattin ya kafe, ka sa ɗigon sabulun ruwa, sannan ka bi da ruwa zalla.
6. Ka bar ƙofar a buɗe na minti 10 kafin ka saka komai.

Idan kana amfani da rakoda yau da kullum, ka yi wannan wanki bayan kowace awa 10 zuwa 20 na saurare. Lokacin hunturu ka ƙara yawansa. Idan kuwa tsofaffin kasa-kasai kake juyawa, ka goge hed bayan kowane kaset, domin suna zubar da gari.

Bayan wanki, kada ka fara da kaset mai daraja. Ka nemo wanda ko ya lalace ba asara, ka kunna shi daga farko har ƙarshe. Idan ya fito lafiya ba tare da ƙwanƙwasa ko tattarewa a zarensa ba, to rakodar ta ci jarrabawa.

Abin Da Kunnenka Ke Gaya Maka

Murya ta dushe kamar ana magana a cikin tulu: hed ya yi datti. Idan ka wanke bai canza ba, to hed ya karkace. A gefensa akwai ɗan sukuru mai sifirin da ake daidaita shi da shi. Ka yi wa wurin da yake alama, sannan kana saurare ka juya shi kaɗan-kaɗan, kada ka wuce rubu'in zagaye kowane ɓangare, har ka ji harafin "s" ya fito tas. Wannan yana da amfani sosai ga kasa-kasan gida, domin an naɗe su ne a rakodar da wataƙila nata hed ɗin a karkace yake.

Murya tana rawa, tana hawa tana sauka: bel ya saki, ko rola ta taurare.

Murya ta yi kauri tana jan jiki: batir ya yi sanyi, ko bel yana zamewa.

Injin yana ƙara amma kaset ba ya juyawa: bel ya tsinke ko ya narke. Tsohon bel yakan koma kamar kwalta. Ana goge shi da sifirit, a auna hanyarsa da zaren ɗinki, a nemo sabo wanda ya ɗan gaza wannan awo kaɗan. Robar ɗaure kuɗi ba bel ba ce. Za ta juya, amma muryar za ta yi rawa, kuma ba ta daɗewa.

Rakoda tana cin zare: ko rola ta yi danƙo zare yana manne mata, ko kuma ƙafar da ke naɗe zaren ta daina juyawa. Ka kunna ba kaset, ka duba ko ƙafar tana juyawa da ƙarfi.

Kaset yana ƙiiii kamar ƙofar da ba mai: ka tsayar nan take. Zaren ya rasa santsinsa ko gidan ya matse shi. Sau da yawa canza masa gida yana magance wannan.

Game da mai: ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a gindin sandar jan zare ya isa, kuma kada ya taɓa bel ko rola ko hed. Man gyaɗa da baƙin man mota ba su da wuri a nan. Idan aikin ya kai ga buɗe bayan rakoda mai amfani da wutar lantarki kuma ba ka saba ba, ka kai wa mai gyara.

Idan Zare Ya Tsinke Ko Ya Cukurkuɗe

Idan rakoda ta kama zare, kada ka fizgi kaset. Ka kashe ta, ka buɗe ƙofa a hankali, ka warware zaren daga jikin rola da tsinke marar kaifi. Ka shimfiɗa wurin da ya tattare a kan takarda mai tsabta, ka lallaɓa shi, ka mayar da biro. Kada ka sa masa dutsen guga. Wurin zai riƙa ɗan kakarewa, amma maganar tana nan.

Idan ya tsinke, da can da jan farce ake haɗawa. Yana riƙewa na ɗan lokaci, amma yana taurare, yana kuma iya manne zagayen da ke kusa. Salatif ɗin ofis ma gam ɗinsa yana tsatsowa idan ya ji zafi. Abin da ya dace shi ne siririn salatif na musamman da aka yi don haɗa zare. Ka yanke bakin biyu a karkace da almakashi, ka haɗa su baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ka liƙa ta baya, wato fuskar da ba ta taɓa hed. Ka rage abin da ya yi saura a gefe. Idan dole ta sa ka yi amfani da salatif ɗin ofis, ka ɗauke shi a matsayin gyaran yini ɗaya: ka haɗa, ka juye sautin a ranar.

Canza gida kuma ba wuya. Ka nemo kaset mai kyau irin mai sukuru biyar, kamar na TDK ko Maxell ko Sony, ka kwance shi a kan tebur, ka ɗauki hoton yadda zare ya bi kafin ka taɓa komai. Ka cire nasa naɗin, ka ɗauko na tsohon da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai, ka ɗora, ka bi da zaren yadda hoton ya nuna. Idan tsohon gidan na liƙi ne ba sukuru, sai an tsaga shi ta gefe da wuƙa a hankali.

Mataki Na 3: Juyar Da Sauti Zuwa Waya Ko Kwamfuta

Hanyoyi uku ne, daga mafi sauƙi zuwa mafi inganci.

Ta farko ita ce ajiye waya a gaban lasifika. Za ta ɗauki kukan zakara da ƙarar babur tare da muryar, amma ta fi babu. Idan ita kaɗai gare ka, ka yi da dare a ɗaki mai labule da katifa, wayar tana nesa da lasifika kamar taƙi ɗaya.

Ta biyu ita ce 'yar na'urar nan mai kama da Walkman da ke juya kaset zuwa MP3 ta USB. Tana da araha, amma injinta ba shi da ƙarfi, wasu kuma suna cin zare. Ka gwada ta da kaset marar amfani tukuna.

Ta uku, wadda ta fi, ita ce kebul daga rakoda kai tsaye. Ka duba ramin da aka rubuta LINE OUT, idan babu ka yi amfani da na iyafis ka rage ƙara. Kada ka cusa kebul ɗin kai tsaye a ramin iyafis na waya, domin an yi shi ne don ƙaramin makirfo, sautin zai fashe. Ana buƙatar ƙaramin katin sauti na USB mai ramin shigar da sauti, irin Behringer UCA222, a haɗa shi da kwamfuta, ko da wayar Android ta hanyar kan OTG. A kwamfuta, manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A waya, ka gwada ka tabbata manhajar naɗin daga USB take ɗauka ba daga makirfon wayar ba.

Kafin ka fara:

1. Ka tura kaset gaba har ƙarshe, ka dawo da shi farko sau ɗaya, don zaren da ya shekara a kwance ya saki jiki.
2. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama. Kira zai katse naɗi, kuma sigina tana sa ƙara a lasifika.
3. Ka yi amfani da sababbin batura maimakon wutar janareta, ka kuma cire caja daga waya ko kwamfuta. Wannan yana kawar da gurnanin da ke bin sauti.
4. Idan rakodar tana da maɓallin Dolby, ka kunna shi kawai idan an nuna a jikin kaset cewa da shi aka naɗa. Yawancin kasa-kasan gida ba su da shi.
5. Ka daidaita ƙara yadda ma'aunin ba zai taɓa ja ba ko a wurin da ganga ta fi tashi.
6. Ka fara naɗi kafin ka danna kaset, ka bar fuska guda ta tafi har ƙarshe ba tsayawa.

Ka adana asalin a matsayin WAV, a 44.1 kHz da bit 16 ko sama da haka. Minti ɗaya yana cin kusan MB 10, wato kaset C90 zai ci kusan MB 900. Daga shi sai ka fitar da MP3 na rabawa, wanda a 128 kbps bai wuce MB 90 ba. Kada ka goge WAV ɗin, kuma kada ka yi masa gyaran rage ƙara. Duk gyaran da za ka yi, ka yi shi a kan kwafi.

Suna Da Ajiya

Fayil marar suna ɓatacce ne ko yana nan. Ka sa masa suna mai bayani: shekara, gari, mai magana, abin da ake yi, da fuska A ko B. Abin da ba ka sani ba ka tambayi Baba ko Inna ko Kawu tun suna raye. Ka kunna musu, ka ce, "Baba, muryar wa ce wannan? A gidan wa aka yi?" Ka naɗi amsarsu ita ma, ka ajiye tare.

Ka yi kwafi uku: ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a memori ko filas da ke ajiye, ɗaya a Google Drive ko wurin ɗan'uwa a wani gari, kamar Gusau ko Sakkwato. Idan za ka tura ta WhatsApp ka tura shi a matsayin takarda, ba ka kunna ka sake naɗa a saƙon murya ba, domin wannan yana matse sauti. Kuma kafin ka ɗora muryar wani a TikTok ko Facebook ka nemi izinin iyalinsa. Wasiƙar kaset takan ƙunshi sirrin gida.

Idan ka ci karo da abin da ya wuce na iyali, kamar waƙar wani makaɗi da ba a san da ita ba ko tarihin gari daga bakin dattijo, ka sanar da masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Jami'ar Bayero ta Kano.

Shi kuma kaset ɗin kada ka yar, domin wata rana za a iya samun na'urar da ta fi taka. Masana adana sauti suna son wuri mai sanyin kusan digiri 20 da laima kusan kashi 40 cikin 100. Wannan ba ya samuwa a yawancin gidajenmu, amma ana iya kusantarsa. Ka naɗe zaren zuwa gefe ɗaya, ka mayar da kaset cikin kwalinsa, ka jera su a tsaye kamar littattafai a cikin robar da ke rufuwa sosai. Ka jefa 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, sama da ƙasa saboda ruwa da gara, nesa da kwano da bangon da ranar yamma ke duka. Ɗakin ƙasa mai rufin soro ya fi na kwano.

Rakodar kuma ka cire mata batir idan ba a amfani da ita, ka tabbata duk maɓallan sun ɗago don kada rola ta kwana a matse har ta lotsa, ka lulluɓe ta da zane. Ka riƙa kunna ta na 'yan mintuna sau ɗaya a wata don bel kada ya sandare a wuri ɗaya.

Daga Ina Za Ka Fara?

Idan kasa-kasan suna da yawa, kada ka fara da waɗanda suka fi daɗin ji. Ka fara da waɗanda babu irinsu: na muryar 'yan gida, na malaman gari, na makaɗan da ba su yi suna ba. Shata da Ɗanƙwairo suna da masu adana su da yawa, kakarka kuwa kai kaɗai gare ta. Kaset ɗaya a mako ya isa. A wannan makon ka ɗauko ledar, ka karya kunnuwan kariya, ka ɗauki hotuna, ka sayo sifirit da auduga. Sai rakoda ta ci jarrabawa sannan ka danna.